Ɗumi Cikin Aminci: Gano Matsalar Kayan Ɗumama Ruwa da Ɗaki Kafin a Taɓa Su

(Taken shiri)

Gaisuwa ga mutanen cikin garin Dawakin Tofa, da na Dawanau, Tumfafi, Kwa, Ganduje, Jalli, Marke, Tattarawa, da duk inda muryar nan ta iske ku. Hunturu ya kankama. Daga Disamba zuwa Janairu, sanyin asuba a ƙasar Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, wani daren ma ya kusanci 10. Ruwan randa ba ya taɓuwa, alwalar asuba sai an daure, yara suna gudun wanka, tsofaffi suna neman garwashi. A wannan lokacin ne ake zaro hitar da ta kwana wata tara a ƙarƙashin gado, a kunna ta bango da aka manta da ita, a shigar da kasko ɗaki. A wannan lokacin ne kuma ake samun gobara da jan lantarki da mutuwar cikin barci. Shirinmu na yau kan kayan ɗumama ruwa da ɗaki ne: yadda za a gane abin da ya lalace, wane gyara maigida zai iya da hannunsa, wanne kuma dole ya bar wa masu sana'a.

Mu fara leƙa ƙasashen da sanyi ya fi namu tsanani. A Ingila, yawancin gidaje suna da tukunya guda mai aiki da gas, maƙale a bango. Tana dafa ruwa, ƙaramin inji yana tura shi cikin bututu zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki, ɗakin ya ɗumama, ruwan ya koma tukunya. Idan ta ƙi aiki, akwai abin da mai gida yake dubawa da kansa. Yana duba allurar da ke nuna ƙarfin ruwa, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan tukunyar ta huce. Idan faifan ɗaki ya yi zafi a ƙasa, samansa kuma da sanyi, ya san iska ce ta taru, sai ya sa ɗan makulli ya fitar da ita. Iyakarsa ke nan. Duk abin da ya shafi gas, doka ta keɓe shi ga ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a Afrilun 2009. Mu ba mu da irin wannan tukunya a gidajenmu, amma darasin ya shafe mu: a san abin da ya lalace kafin a ɗauki sukundireba, a kuma san inda hannun maigida ya kamata ya tsaya. Maƙera sun riga sun faɗa, sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Galibin abin da ke ɗumama ruwa, na Turai ne ko na kasuwar Sabon Gari, yana da sassa huɗu. Akwai inda zafi ke fitowa, wuta ko gas ko gawayi. Akwai hanyar ruwa. Akwai abin da ke tsayar da zafi idan ya kai yadda ake so. Akwai kuma mafita, inda ƙarfin tururi ko hayaƙi zai bi ya fice. Kowace matsala tana cikin ɗaya daga huɗun nan. Don haka kafin ka kira kowa, maigida, yi wa kanka tambaya uku: yaushe abin ya fara, me ya canza a gidan kafin ya fara, me nake gani ko nake ji ko nake shaƙa? Amsar waɗannan ita ce rabin gyara, kuma za ta hana a sayar maka da kayan da ba su lalace ba.

To, mu ɗauki hitar bango, wadda yanzu ake sa wa a banɗakunan sababbin gidaje, musamman ta wajen Dawanau da Tumfafi. Cikinta tanki ne, mai cin lita 15 ko 30 ko 50. A cikin tankin akwai lanƙwasasshen ƙarfe mai yin zafi, masu gyara suna ce masa elimen. Kusa da shi akwai tamostat, mai kashe wuta idan ruwa ya yi zafi. A bakin bututun ruwan sanyi kuma akwai ɗan bawul mai ƙaramin hannu, shi ne mafitar.

Matsala ta farko: an kunna, ruwa ya ƙi zafi sam. A fara daga mai sauƙi. Akwai wuta a sauran gidan? Fitilar makunnin hitar ta kama? Bireka, wato abin nan da ke cikin akwatin wuta mai katse layi da kansa, ya faɗi? Idan duk waɗannan lafiya, sai a tuna: tankin sama ya taɓa ƙarewa alhali hita tana kunne? A yankinmu wannan ce babbar makashiyar elimen. Ruwanmu na burtsatse ne, sai an tayar da inji ake cika tanki. Tanki ya ƙafe, hita ta zube, wani ya kunna ta babu ruwa, cikin ɗan lokaci ƙarfen ya ƙone. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: kafin ka kunna, buɗe famfon ruwan zafi, ka ga ruwa yana zuba sosai babu tari babu iska, sannan ka danna makunni.

Mai gyara na ƙwarai ba ya cewa elimen ya mutu da ido kawai. Zai kashe wuta daga akwati, ya cire wayoyi, ya ɗora mitar gwaji. Elimen mai wat 1,500 yana nuna kusan om 35, mai wat 2,000 kusan om 26. Idan mita ba ta nuna komai ba, ya tsinke, sai sabo. Idan ta nuna daidai, laifin yana wajen tamostat, ko ɗan maɓallin kariya da ke jikinsa ya faɗi. Ka nemi ya gwada a gabanka, haƙƙinka ne.

Matsala ta biyu: ruwa yana ɗumi amma yana daɗewa. Nan ne ake zaluntar hita da zargi. Wutar ƙasar nan an tsara ta a kan bolt 230. Idan ta zo cikakkiya, hita mai wat 1,500 tana kai bokitin lita 20 daga sanyi zuwa zafin wanka cikin kamar minti 23. Idan wutar ta zo da rauni, ta sauko 180, ƙarfin hitar yana komawa kashi 60 cikin 100, aikin minti 23 ya zama na kusan minti 40. Ka dubi ƙwan fitila da fanka, idan su ma sun yi sanyi, hitarka lafiyarta lau, ka jira wuta ta cika. Haka ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1,000 ba zai ɗauki hita ba, ƙaramar inbata ta sola ma haka, sai dai ka ƙona su ko ka kashe batir.

Idan kuwa wuta cikakkiya ce amma hita tana jinkiri, tana kuma ƙara kamar ana soya tsakuwa a ciki, to ɓawon ruwa ne. Uwargida ta san shi: farin abin nan da ke manne a gindin butar shayi ko tukunyar dafa ruwa. Wani ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da sinadaran ƙasa, zafi ya sa su daskare a jikin ƙarfe. Ɓawon yana hana zafi shiga ruwa, wuta tana tafiya a banza, elimen yana cin kansa har ya fashe. Idan butarki tana yin fari da wuri, hitar gidanki ma tana yi. A sa mai gyara ya zubar da ruwan tankin sau ɗaya a shekara, kafin sanyi, ya kankare ɓawon, ya duba sandar magniziyam da ke ciki, wadda aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tanki. Idan ta cinye, a canza ta.

(Gajeren hutu)

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Matsalolin da muka ambata na asarar kuɗi ne. Waɗanda za mu shiga yanzu na asarar rai ne, don haka wanda ke aiki ya ɗan dakata ya ba ni kunne.

Matsala ta uku: da an kunna hita sai bireka ya faɗi, ko kuma ka taɓa famfo ka ji ɗan tsiri-tsiri a yatsa. Ma'anar wannan ita ce wuta ta sami hanyar shiga ruwa ko jikin ƙarfe. Galibi fatar elimen ce ta tsage. Abin da wasu ke yi shi ne su mayar da bireka, ya faɗi, su sake mayarwa, daga baya su sa a ɗaure shi da waya ko a sa mafi girma. Wannan daidai yake da ka ɗaure bakin maigadi don ihunsa yana hana ka barci, alhali ɓarawo yana cikin gida. Mutumin da ke banɗaki jikinsa a jiƙe yake, ƙafarsa ba takalmi, yana tsaye a kan siminti mai ruwa. A wannan hali, wutar da ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba tana iya rikita bugun zuciya. Kada wanda ya ce ai ɗan ja ne kawai, mun saba. A kashe layin daga akwati, a hana kowa wanka da ita, a kira mai wayarin.

Idan ya zo, ka tambaye shi abu uku. Shin hitar tana da wayar ƙasa, wadda aka haɗa da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa? Gidaje da yawa an yi musu wayarin da waya biyu kawai don a rage kuɗi. Kuma a lokacin rani, idan ƙasa ta bushe ƙamas, sandar ma aikinta yana raguwa, sai an gwada. Na biyu, shin akwai bireka na musamman mai katse wuta da zarar ta fara yoyo, mai lamba 30mA a jikinsa? Bireka na yau da kullum waya yake karewa daga ƙonewa, wannan kuwa mutum yake karewa. Yana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci. Na uku, wace waya aka ja wa hitar? Tana buƙatar layinta ita kaɗai, da wayar tagulla mai kaurin 2.5. Idan soket ya yi baƙi, ko filogi yana zafi, ko kana jin warin roba, wayar ta yi ƙanƙanta ko ɗaurin ya saki. Gobarar dare da yawa daga nan take tashi.

Matsala ta huɗu: ɗan bawul ɗin nan yana ɗigar ruwa. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Tankin lita 50 yana ƙaruwa da fiye da rabin lita, kuma dole ƙarin ya sami wurin fita. Don haka ɗigo kaɗan lokacin da hita ke aiki ba laifi ba ne, a sa masa tiyo ya zuba a magudana. Babban kuskure shi ne a toshe bakinsa da ƙusa ko a cire shi a ɗaure wurin don bango yana jiƙewa. Ranar da tamostat ya maƙale, wuta ba za ta tsaya ba, ruwa zai wuce tafasa a cikin rufaffen tanki. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na girmansa. Tankin da ba shi da mafita yana iya tarwatsewa ya rushe bango. Alamar tana zuwa tun da wuri: famfo yana feso tururi, ruwa ya yi zafin da bai saba ba, bawul yana zuba ba tsayawa. Ka kashe wuta, ka nisanci wurin har ta huce, a canza tamostat.

A saita tamostat a kan digiri 60. Ƙasa da haka, tsakanin 20 da 45, wata ƙwayar cuta mai kama huhu tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta, wadda aka fara ganewa bayan ɓarkewar cutar a 1976 a birnin Filadelfiya na Amurka. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta jariri ma ta fi saurin ƙonewa. Iyayena mata, a fara zuba ruwan sanyi a baho, sannan a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa yaro.

Yanzu ga wadda ta fi yawa a gidajenmu, hitar bokiti. Dokokinta kaɗan ne, amma ba a sassauta ko ɗaya. A nutsa ƙarfen cikin ruwa kafin a sa filogi, a cire filogi kafin a fito da ita. Kada a tsoma hannu don jin ko ya yi zafi alhali tana jone. Kada ƙarfen ya taɓa jikin bokitin roba, a rataye ta a jikin busasshen katako da aka gicciye a baki. Kada a cusa tsirarar waya a soket a danne da tsinken ashana. Kada a bar yaro mai rarrafe a ɗakin. Sai kuma wadda ta fi cin gidaje: an jona hita, an ɗauke wuta, an manta, an tafi kasuwa ko an kwanta. Tsakar dare aka kawo wuta, ruwa ya tafasa ya ƙafe, roba ta narke ta kama. Duk sanda aka ɗauke wuta, abu na farko shi ne a zare hita da dutsen guga daga soket. Hitar da hannunta ya tsage, ko ƙarfenta ya kumbura, ba a gyara ta da salatif, a karya ta a jefar don kada wani ya tsinta. Ita kuwa wadda samari da 'yan makarantar kwana ke haɗawa da reza ko cokali biyu, ruwan gaba ɗaya take mayarwa wuta. Malamai da iyaye, duk inda kuka gan ta ku ƙwace.

Masu dafa ruwa da gas, ku dubi harshen wutar. Shuɗi shi ne lafiya. Idan ya koma rawaya, yana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin murhun sun toshe ko iska ba ta isa, kuma hunturu da ƙurarsa yana kawo haka. A kashe, a bari ya huce, a goge ƙofofin. Idan kin ji warin gas, kada ki kunna ashana, kada ki taɓa makunnin fitila. Rufe kan tukunyar gas ɗin, buɗe ƙofa da taga, ki fito da yara. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ana neman wurin yoyo da kumfar sabulu a jikin tiyo da mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan ne. Tiyon da ya tsattsage a canza shi.

Na bar mafi haɗari a ƙarshe, domin shi ne wanda ba a gani. Ƙasar Dawakin Tofa an san ta da ginin tukwane, kasko da murhun ƙasa ba baƙi ba ne a gidajenmu, kuma suna da amfani. Matsalar ita ce garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutane suna cewa ai hayaƙin ya gama fita, garwashi ya yi ja, babu komai. Jan garwashin nan yana ci gaba da fitar da ita. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, sama da ninki 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. A da, ɗakin kara da jinka yana shan iska ta ko'ina. Yau ɗakin bulo ne da silin da tagar gilashi, ga tsumma an toshe ƙasan ƙofa saboda sanyi. Gubar ba ta da hanyar fita.

Ga yadda ake gane ta. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, barci mai nauyi. Ana ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro ko mura, wasu ma su ce iska ce ta shafi gidan. Ku lura da abu biyu: duk 'yan ɗakin ne suka kamu lokaci guda, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi. Mai jego da jaririnta, mai ciki, da tsoho mai ciwon zuciya su ne ta fi saurin kayarwa. Idan za a ɗumama ɗaki, a hura gawayi a tsakar gida, a shigar da shi na ɗan lokaci taga a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Ba a kwana da garwashi. Janareta ma guba ɗaya yake fitarwa, kada a ajiye shi a soro ko ƙarƙashin taga ko cikin shago a rufe don tsoron ɓarayi.

Idan tsautsayi ya auku fa? Wanda gubar gawayi ta buge, a buɗe ƙofa, a fito da shi sarari, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin iskar oksijin ce maganinsa. Madara da manja ba sa fitar da ita, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya shaƙe shi. Wanda lantarki ya kama, kada a cafke shi da hannu. A kashe wuta, in ba hali a ture wayar da busasshiyar sanda. Idan ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a sami taimako. Wanda ruwan zafi ya ƙona, a riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri. Lambar gaggawa ita ce 112. Asibiti mafi kusa shi ne na farko, daga can in abin ya yi tsanani su tura Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Kalma ɗaya kan zaɓen mai gyara. Ba duk mai testa a aljihu ne ya san wuta ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ka tambaya. Ka lura ko yana kashe wuta kafin ya fara, ko yana gwaji kafin ya ce a sayo kaya, ko yana nuna maka abin da ya cire. Abin da ya shafi mita da wayar kan fol kuwa aikin KEDCO ne, ba na yaron unguwa ba. Ku kuma 'yan'uwa masu sana'a, amana ce a hannunku. Idan maigida ya ce a tsallake wayar ƙasa ko a toshe bawul don a rage kuɗi, ku ƙi, ku gaya masa dalili. Araha ba ta ado, a nan kuwa rai take ci.

Jama'a, rai da ajali na Allah ne, kuma shi ne ya umarce mu da kiyaye ran da ya ba mu. Yau kafin a kwanta, maigida ka zagaya gidanka: ka zare hita daga soket, ka duba bawul ɗin banɗaki ba a toshe yake ba, ka shinshina wajen tukunyar gas, ka tabbata babu garwashi a ɗakin kowa, har ɗakin tsohuwa da na almajiran da ke kwana a soro. Limamai da masu unguwanni, ku isar da wannan saƙo a masallatai da majalisu tun sanyin bai kai tsakiya ba. Allah ya raba mu da tsautsayi, ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya.